Darɓa ce ko farin ƙuda? Ka duba ganye kafin ka sayi magani

Da yawa daga cikin masu garka a Tahoua da Tabalak suna shiga kasuwa su ce wa mai shago: "Alhaji, ba ni maganin ƙwari." Wane ƙwaro? A nan kuɗi ke salwanta.

Je ka garka da sassafe ka girgiza tumatir. In ka ga wasu ƴan farare kamar toka sun tashi sun sake sauka, farin ƙuda ne, tsawonsa kusan milimita 1 ne. In kuwa ka juya ganyen wake ko kuɓewa ka tarar da ƙwari cunkushe, kore ko baƙi, ba sa motsi, ganyen na danƙo, tururuwa na hawa da sauka, to darɓa ce.

Darɓa tana da saurin yaɗuwa, don macen tana haihuwar ƴaƴa da ransu ba tare da namiji ba, cikin mako guda su ma su fara haihuwa. Amma jikinta laushi gare shi. Giram 500 na dakakkun ƴaƴan dogon yaro, a jiƙa su kwana cikin lita 10 na ruwa, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece har ƙarƙashin ganye. Galibi ya isa.

Farin ƙuda shi ne abin tsoro. Tsotson da yake yi ba shi ne babbar ɓarna ba, cutar da yake ɗauka ce: ganyen tumatir ya nannaɗe, ya yi rawaya, fure ya zube. Shukar da ta kamu ba ta warkewa, sai a tuge ta. Ga shi kuma ya saba da magunguna da yawa. Ni a ganina, kuɗinka ya fara zuwa ga gidan sauro da za ka rufe wurin rainon dashe, da irin da aka rubuta TYLCV a jikin fakitinsa, alamar yana jure cutar. Tarko mai rawaya mai danƙo zai nuna maka ranar da farin ƙudan ya iso.

In dole sai kwalba, nemi mai lambar amincewar CSP, kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari, ka duba ranar lalacewa da kwanakin jira kafin tsinka. Wanda aka ɗura a gorar ruwa babu takarda, don Allah ka bar shi, wannan tumatir ɗin ƴaƴanmu ne za su ci.