Bitar koyon jagorantar gwajin maganin cutar kansa: na je da buhu, na dawo da mudu

Tunda na dawo abokan aiki ke ta tambayata wai bitar nan ta kai wahalar da aka sha wajen nemanta? To ga abin da na gani. Kwana shida ce, ana killace likitocin kansa wuri guda a koya musu tsara gwajin magani da jagorantarsa da kansu, maimakon kullum a turo mana tsari daga waje mu ƙare a ɗibar jini da cike fom. Salon ya daɗe, ƙungiyoyin masana cutar kansa na ASCO da AACR ne suka fara shi a Amurka a 1996, Turai ta ɗauka a Flims ta Suwizalan, Indiya ma tana da tata mai suna CReDO. Tamu ma wannan sawun ta bi.

Sharaɗin shiga shi ne ka zo da tambayarka. Ni kam buhu guda na sungumo, wai zan gwada haɗin kimo (maganin kashe ƙwayoyin kansa) kala uku a kan sankarar mama in ga wanne ya fi tsawaita rai. Daren farko masaniyar ƙididdiga ta rukuninmu ta ce likita abu ɗaya tak me za ka auna, na lissafo mata biyar ina ji da kaina, ta ɗau biro ta nuna min yawan matan da zan buƙata da shekarun da zan yi ina bibiyarsu, alhali ni na san majinyatanmu, mace ta sha kimo biyu kuɗi ya ƙare ta koma ƙauye lambar wayar ma ta daina shiga. Wallahi sai da na ji kunya. Kafin kwana na huɗu tambayar ta koma ƴar mitsitsiya: in nas tana kiran mace a waya tsakanin kimo da kimo, shin za a samu ƙarin masu kammala zagayensu kafin tiyata? Wannan kam zan iya yi da ma'aikatan da nake da su, kuma zaman ƙananan rukunin nan shi ne ainihin abin da na je ɗauka.

Laccocin safe ba laifi. A mataki na 1 na gwaji, inda ake neman adadin maganin da jiki zai jure, sun warware min tsarin 3+3 tas, a ba mutum uku, in ba wanda ya samu mummunar illa a ƙara adadin, in ɗaya ya samu a sake gwadawa a kan wasu ukun. Amma gsky an cusa abubuwa da yawa, bayan azahar rabin aji gyangyaɗi muke.

Inda suka gaza min shi ne maganar neman yardar majinyaci. Awa ɗaya aka ba ta, aka karanto Sanarwar Helsinki ta 1964 kan ɗa'ar bincike a kan ɗan'adam, aka ce sai ka samu sahalewar kwamitin ɗa'a da NAFDAC, shikenan aka wuce. To ni a Kano nake aiki, garin da ba a manta da gwajin maganin Trovan na 1996 lokacin annobar sanƙarau ba, da ka ce gwaji sai ka ga fuskar maigida ta canja. Ta yaya zan bayyana wa baba da ya kawo matarsa cewa kwamfuta ce za ta jefa ƙuri'a ta zaɓi rukunin da za ta shiga, bai ce to likita kai ba ka san maganin ba kenan? Na tambaya, malamin ya ce tambaya ce mai kyau, lokaci ya ƙure. Maganar inda za a samo kuɗin gwaji ma haka aka tsallake ta sama-sama.

Duk da haka zan ce ku nema, musamman masu gab da gama horon ƙwarewa. Ku tafi da kwamfutarku da alƙaluman asibitinku na gaskiya, don za a tambaye ku mutum nawa kuke gani a wata kuma kame-kame ba ya ci a wurin. Ni dai kundina yana gaban kwamitin ɗa'a, fom ɗin yardar kuwa sau uku ina sake rubuta shi da Hausa, har yanzu kalmar ƙuri'a ce ta tsaya min a wuya.