Kawu, ga labarin tirelar da aka sa wa inji irin na jirgin sama

Salamu alaikum Kawu, ina gaisuwa, ya aiki ya yaran gareji? Ka tambaye ni motocinsu a nan Amurka da yadda ake gyara, to bari in fara da abin da ya tsaya min a rai tun satin jiya.

Na sauke kaya a Toledo ta jihar Ohayo sai motar ta nuna fitila a dashbod, na shiga wani gareji ina jira, akwai wani dattijon makaniki da ya kusa ritaya muka ɓarke da hira, shi ne ya buɗe wayarsa ya nuna min hoton wata jar tirela mai suna Big Red da Ford ta ƙera a 1964. Kawu ka ga kan motar nan kuwa? Gilashi ne ɗauke da gaban gaba ɗaya kamar na jirgi, tsayinta sama ƙafa 13, tana jan bodi biyu, tsawonta duka ƙafa 96, a ciki har da banɗaki da wurin dafa abinci da talabijin. Amma injin ne abin mamakin, ba fistin ba ringi ba lagireto, tarbin ne irin na jirgi mai saukar ungulu, ƙarfin doki 600. Fanka ce ke zuƙo iska ta matse ta, a fesa mai wuta na ci ba tsayawa, zafin ya juya wata fankar ita kuma ta juya tayoyi ta giya. Suna ce masa gas tarbin amma ba gas ɗinmu na dizal suke nufi ba, iskar nan mai zafi ce, shi kam ko kananzir aka zuba masa zai sha.

Ba Ford kaɗai ba ce, tun 1950 Kenworth ta ɗora injin Boeing mai doki 175 a tirelarta, Chevrolet ta fito da Turbo Titan III a 1965, har Leyland ɗin nan ta Ingila da ka yi shekaru kana kwance injinta ta nuna tata a 1968. Duk babu wadda ta zauna a kan titi. Shan mai ne ya kashe su, injin tarbin yana son gudu ɗaya a sama, ka bar shi a silo ko ka shiga gosulo mai kawai yake zuƙa, ga ƙarfen da zai jure wannan zafin tsada gare shi. Ford ta buɗe masana'antar injin a Toledon nan ta rufe ta a 1973, shekarar da mai ya yi tsada a duniya.

Ni abin da na dinga tunani, da tirela mai irin wannan injin ta mutu tsakanin Tegina da Mokwa wa zai taɓa ta? Kuma wallahi motar da nake ja yanzu ta kusa zama haka. Titi sumul, gidajen mai na manyan motoci akwai wurin wanka da wanki da sikeli, na'ura na ƙirga maka awa 11 na tuƙi sai ka huta 10, wannan kam sun fi mu nesa ba kusa ba kuma yana ceton rai, na so a ce direbobinmu sun samu. Amma gyara? Sensa ɗaya ta ruwan tace hayaƙi ta lalace kwamfuta ta shaƙe motar ta koma tafiyar hawainiya, babu wanda ya saurari ƙarar injin, waya aka jona aka karanta lamba, aka ce sai an yi odar kaya, kwana biyu ina kwance a kan mota, kuɗin hannu kuma da awa ake lissafa shi.

Na tuna daren da famfon DAF ya ba mu matsala a hanyar Funtuwa ka kwance shi a kan buhu da tocila a bakinka, kafin asuba mun tashi. Na ba dattijon nan labari ya yi shiru, ya ce haka ubansa yake aiki.

Na saya maka saitin sifana da mita, suna wajen wanda zai taho ƙarshen wata. A gaida Inna.