Kafin ki sayi mujiyar roba ko wani adon tsuntsu, karanta wanga

Yanzu kusan duk mai sayar da kayan ado a Facebook ko status ɗin WhatsApp sai ka ga ta ɗora tsuntsaye, ga agogon bango mai dawisu, ga fitilar sola mai siffar mujiya idanunta na haske da dare, ga 'yan tsuntsayen tangaran na ɗorawa kan dibaida. Kayan suna da kyau a hoto ba ƙarya, amma mafi yawa an yi su ne don gidajen Turai da Asiya, mu kuma nan Gusau ko Birnin Kebbi akwai rana, akwai ƙura, akwai kuma uwar miji da za ta shigo ta gani. To kafin a tura kuɗi ya kamata mutum ya san mi yake so, ado ne ko korar tsuntsaye, kuma ina za a aje abin.

Mu fara da mujiya tunda ita ce mai rigima. Kowa ya san yadda muka taso, in ta yi kuka saman ɗaki tsofaffi su ce mutuwa ce ke tafe, wasu su ce tsuntsuwar mayu ce, mai jego ta jawo jaririnta jiki. Har in an ware mutum ba a shiga harkarsa sai a ce an mai da shi mujiya. Su kuwa Girkawan da, mujiya alamar hikima ce gare su, mutanen Atina har kan kuɗinsu na azurfa suka buga ta, a Japan kuma ana ba da ita kyauta don fatan sa'a, shi ya sa kamfanoni ke ta buga ta a kofi da matashi da fitila. A addini camfin ba shi da gindi, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kore camfi da tsuntsaye, malamai kuma sun bayyana cewa har da abin da Larabawan jahiliyya ke yi da mujiya, irin namu sak. Amma fa sanin haka bai hana Hajiya ta tsaya bakin ƙofa ta ce ke wagga aba mi take yi cikin ɗakinki. In kayan jere ne na amarya, ni dai shawarata a bar mujiya a shago, dangin ango ba za su ga hikimar Girkawa ba.

Sai maganar da ta fi camfi nauyi, wato mutum-mutumi. A mazhabarmu ta Malikiyya an bambanta siffar abu mai rai wadda ke tsaye da jikinta cikakke har tana da inuwa, da zanen da ke shimfiɗe kan yadi ko takarda, ta farkon ita ce aka fi tsanantawa. Akwai kuma labarin labulen Nana Aisha mai hotuna da aka sa ta cire, ta mayar da shi matasai. Don haka zanen gado ko rigar matashi mai tsuntsaye ya fi sauƙin sha'ani bisa ga tsuntsun tangaran ko na allo da ke zaune kan dibaida, sauran bayani kuma a tambayi malamin unguwa. Na tangaran ɗin ma dai in akwai yara a gida kwanansa ƙidayayye ne.

Adon waje kuma, rana ce alƙali. Roba mai araha ba ta jure zafin Maris da Afrilu lokacin da ake haura digiri 40, launin ya koɗe, jikin ya bushe ya fara tsagewa, kafin damina ta biyu ta zama bola. Fitilar sola mai mujiya ko tsuntsu, abin dubawa ba kyan fuskar ba ne, a juya ta a ga ko batirin na ciruwa, in a manne yake to ranar da ya mutu fitilar ta mutu, sannan lokacin hunturu sai ana goge gilashin saman kullum don ƙura na hana shi caji. Katako yana da kyau amma gara ba ta da kunya, in dai zai taɓa ƙasa a manta da shi. Ƙarfe ya fi su duka ƙarko, kuma ba sai an yi oda ba, mai walda na bakin titi zai yanka maka siffa a falle in ka kai masa hoto, ka dai tabbatar ya shafa jan fentin hana tsatsa kafin na ado, ya kuma goge bakin kada ya yanki yaro.

Masu lambu da masu shinkafa su suka fi tambayar mujiyar roba mai juya kai, wai tana korar tsuntsaye. Tana yi, amma na ɗan lokaci. Tsuntsu ba wawa ba ne, in ya ga abu kwana da kwanaki wuri guda bai motsa ba sai ya saba, har ka iske kurciya zaune a kanta. Wanda zai saya ya ɗauki mai kai da iska ke juyawa, ya ɗora ta bisa sanda mai tsawo, ya riƙa canza mata wuri duk bayan kwana biyu ko uku, ya haɗa da su leda mai ƙyalli da tsohon faifan CD da gwangwani mai tsakuwa kamar yadda aka saba. Wannan don ɗan lambun bayan gida ne ko inda ake shanyar hatsi. Amma tsuntsayen jan-baki in suka sauko fadamar Argungu ko gonakin Bakolori a Talata Mafara, garke ne da ke rufe sama, mujiyar roba ɗaya ko goma ba abin da za su yi, shi ya sa har jirgi gwamnati ke sawa a yi feshi inda suke kwana. Mai kaji kuma kada ya dogara da ita kan shirwa, raga ce maganin wannan.

Abin dariyar, mujiya ta gaske ta fi ta roba amfani nesa ba kusa ba, ita da ake jifa. Ɓeraye take ci dare duka, a Malesiya da Isra'ila da Jodan manoma har akwatuna suke kafa mata cikin gona don ta yi sheƙa ta rage musu sayen guba. In ta tare a kukar bayan gari kusa da rumbuna a ƙyale ta.

In kuwa ni za a tambaya abin da ya fi dacewa da tsakar gida, kaskon ruwan shan tsuntsaye ne na yumɓu mai faɗi marar zurfi, irin wanda masu ginin tukwane ke kawowa ranar kasuwa, kuɗinsa bai kai rabin na fitilar ba. A ɗora shi kan bulo ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro inda mage ba za ta yi kwanton ɓauna ba, a sa dutse ɗaya tsakiya don ƙananan tsuntsaye su samu wurin tsayawa, ruwan kada ya wuce gaɓar yatsa biyu. Da bazara za ki sha mamakin masu zuwa, kurciyoyi da 'yan tsuntsaye kala-kala tun da asuba, ba batir ba maganar mutum-mutumi. Sharaɗinsa ɗaya, a zubar da ruwan a wanke duk kwana biyu, don ƙwan sauro cikin mako guda zuwa kwana 10 yake zama sauro mai cizo. Wajen saye a ƙwanƙwasa shi da yatsa, wanda ya gasu da kyau ƙararsa ras take fita, mai tsaga kuwa za ki ji ta dushe, wannan a mayar a ɗauki wani.