Kejin roba mai murfin ƙarfe na kiwon fararen ɓeraye: yana da kyau, amma ka sa ido a kan gorarsa

Mai ajiye mesa, ko mai jinyar mujiya ko shaho da aka tsinta da karyayyen fiffike, ba zai shiga kasuwar Sabon Gari ya auno abincinsu a mudu ba. Dole ya yi kiwon ɓerayen da kansa. Samun iri ba shi da wuya a Zariya, tunda ƙaramin farin ɓera, wanda ake ce wa mouse da Turanci, shi ne dabbar gwajin ɗaliban haɗa magunguna da na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Inda ake shan wahala shi ne wurin da za a zuba su. Shi ya sa ya kamata a yi magana a kan kejin nan da masu sayar da kayan ɗakin gwaji ke kawowa, mai ƙasan roba fara mai kauri, da murfin sandunan ƙarfe, da gorar ruwa mai bakin ƙarfe.

Wanda aka fi gani tsawonsa kusan santimita 29 ne, faɗinsa 22, zurfinsa 14. Murfin yana da lotsawa a gefe guda kamar kwari, an raba ta biyu: ɓangare ɗaya na zuba abinci, ɗaya na kifa gora. Maƙalai biyu ne ke riƙe murfin a bakin robar.

Babban alherinsa shi ne ba shi da inda haƙori zai kama. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro, don haka ba ya daina ƙwaƙula. Kejin katako da kafinta zai haɗa maka, cikin 'yan makonni za ka ga rami a kusurwa, ga shi katako yana shan fitsari, warin ba ya fita ko an wanke. Wannan kuwa cikinsa sumul yake, kusurwoyinsa a lanƙwashe, ba tudu ba tsaga. Ka juye shimfiɗa, ka wanke da sabulu da ruwan zafi, ka shanya, ya dawo sabo. Kuma abinci da ruwa duk daga sama ake ba su ba tare da an buɗe ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga uwa mai sabuwar haihuwa, domin yawan buɗe keji da taɓa sheƙa a kwana biyu ko ukun farko na cikin abubuwan da ke sa ta watsar da 'ya'yanta ko ta cinye su.

Girmansa kuwa, kada mai sayarwa ya ce maka zai ɗauki goma ka yarda. Zai ɗauka, amma ba don haihuwa ba. Namiji ɗaya da mace ɗaya shi ne daidai. Namiji ɗaya da mata biyu ma yana yiwuwa, in za ka riƙa kwashe 'ya'ya a kan lokaci. Ga dalili. Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne, tana haifar shida zuwa sha biyu, kuma cikin yini ɗaya da haihuwa tana iya sake ɗaukar wani cikin idan namijin yana nan. Yaye kuma a kwana 21 ake yi. Ka ga ranar da ya kamata a cire na farko, a ranar na biyu suke faɗowa. In ka yi jinkirin kwana uku, manyan za su tattake jariran, su kuma kwashe nonon. Namiji ɗaya, mata biyu da 'ya'ya takwas-takwas, rai goma sha tara ke nan a fili da bai kai faɗin farantin cin tuwo biyu ba. Saboda haka duk kejin haihuwa ɗaya yana buƙatar wuri biyu na reno, maza daban, mata daban, tunda a mako shida zuwa takwas sun balaga. Ana gane namiji da tazarar da ke tsakanin dubura da al'aura, tasa ta fi ta mace nisa, kuma ba shi da kan nono.

Kwarin abinci an ƙera shi ne don dunƙulen abincin ɓera mai kaurin ɗan yatsa, wanda ɓera zai gaigaya ta tsakanin sanduna. Abincin kaji da muke samu a nan ko dai gari ne ko ƙananan ƙwayoyi, kana zubawa yake zurarewa ƙasa ya gauraya da fitsari. Wannan ba laifin kejin ba ne, amma wanda ya saya bai sani ba zai yi asarar rabin buhu. Maganinsa ka yi dunƙulen da kanka: awo takwas na abincin kaji masu tasowa, awo biyu na garin waken soya soyayye, a kan sikeli ba a mudu ba. Hakan zai kai furotin ɗin kusa da kashi 19 cikin ɗari, wanda uwa mai shayarwa ke buƙata. Ka kwaɓa da ɗan kokon rogo, ka mulmula kamar babban yatsa, ka shanya har ya yi ƙarau in ka karya. Wanda cikinsa ke da danshi zai yi funfuna, musamman a watan Agusta. Kada waken ya zama ɗanye, yana hana narkewar abinci. Kada ka yi amfani da abincin kaji masu ƙwai, sinadarin ƙashi ya yi masa yawa. Ƙuli-ƙuli da masarar da suka sha damshi kuma a nisance su, gubar funfunar da ke cikinsu hanta take ci. Ɓeran da ya girma giram huɗu zuwa biyar yake ci a rana, mai shayarwa tana ninka wannan sau biyu ko uku.

Sai gora. A nan ne kejin yake da rauni, kuma a nan ake rasa rayuka.

Gorar a kife take, abin da ke riƙe ruwan shi ne iskar da ke samanta ba ta da hanyar ƙaruwa. A ƙasar da ɗaki ke da na'urar sanyaya wuri dare da rana, babu matsala. A Zariya kuwa, lokacin hunturu, asuba sanyi ne mai ratsa ƙashi, azahar kuma kwano ya ɗau zafi. Iskar da ke cikin gora takan kumbura idan ta ji ɗumi, sai ta turo ruwa waje ɗigo-ɗigo. Gorar da ta yi rabi ta fi cikakkiya zuba, domin iskarta ta fi yawa. Hanya ta biyu ita ce shimfiɗa: ɓeraye sukan tara ta a ƙarƙashin bakin gora, da zarar ɓarɓashi ɗaya ya taɓa bakin sai ya ja ruwan kamar lagwani har gorar ta ƙare. Da safe sai ka tarar da shimfiɗa jagab, jarirai ja-ja-wur marasa gashi, kowane bai wuce giram ɗaya da rabi ba, sun yi sanyi ƙalau a kusurwa. Jaririn ɓera ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa, gashi sai wajen kwana bakwai zuwa goma, ido sai kwana 12 zuwa 14. Jiƙa ta dare ɗaya ta isa.

Don haka ka cika gora har baki kullum, ka kifa ta a hannunka ka bari ɗigon farko ya tsaya kafin ka ɗora. Kada kaurin shimfiɗa ya wuce santimita biyu zuwa uku, kuma a ƙarƙashin gora ka rage ta. Ka duba toshiyar roba duk mako, iskar hunturu tana tsattsaga ta. Akwai kuma akasin haka, wato toshewa: laka ta ruwan rijiya ko gansakuka su maƙale 'yar ƙwallon da ke bakin, gora cike amma ɓeraye na ƙishi. Kullum ka taɓa bakin da yatsa, in bai jiƙe ba akwai matsala. Uwar da ta wuni ba ruwa nononta ke ɗaukewa, daga nan sai cin 'ya'ya. Dabbar da ka kulle ba ta da wata hanya sai kai, kuma mun san abin da hadisi ya faɗa a kan matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Ga shawarata, duk kejin da ka saya ka haɗa da gora biyu.

Shimfiɗar da ta dace da shi ita ce dusar katako mai manyan ɓarɓashi, wadda injin goge katako ke fitarwa, ko totuwar masara da aka ɓarza ta bushe. Garin zarto yana shiga hanci da ido. A canza sau ɗaya ko biyu a mako, a kuma mayar da ɗan tsohon kayan sheƙa don kada ƙamshin gida ya ɓace musu. Takarda da aka yayyaga ta isa sheƙa. Auduga da zare suna naɗe ƙafar jarirai.

A bazara kejin ba ya taimako sosai. Ɓera ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 zuwa 26, ba ya yin zufa, ga Maris da Afrilu a nan zafi kan doshi 40. Gefen roba ba ya shigar da iska, sai ta sama kawai. In ka jera su kan juna ko ka ajiye a ɗakin kwano mara silin, haihuwa za ta ragu, wasu su mutu. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi. A bar tazarar tafin hannu sama da kowane murfi, a sa gutsuren tukunyar ƙasa ko tayil a ciki su kwanta a kai, a kuma rage yawansu.

Murfin yana hana fita, amma ba ya hana shiga. Tururuwa da kwarkwasa za su bi ta sanduna su gama da jarirai, shi ya sa ƙafafun kantar da aka ɗora kejin a kai suke buƙatar gwangwani da ruwa ko baƙin mai. Ɓeran gida ma zai hau murfin ya ci daga kwarin abinci ya yi fitsari a kai. Wannan ba batun asarar abinci kaɗai ba ne: zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin ɓeran daji mai yawan nonuwa yake yaɗuwa. Taga da ƙofar ɗakin su sami ragar waya, abinci kuma a ganga mai murfi.

Yana da tsada, kuɗin ɗaya zai haɗa maka bahon roba da yawa masu murfin raga. A ganina ya cancanci kuɗinsa ga iyaye masu haihuwa, amma 'yan yaye baho ya ishe su, in idon ragar bai wuce milimita shida ba kuma an ɗaure ta ta ciki yadda haƙori ba zai kai ga bakin robar ba.

Ranar saye ka tafi da fensir da maganaɗisu. In fensir ya shige tsakanin sanduna cikin sauƙi, ko ta gefen da murfi ya haɗu da roba, ɗan yaye mai giram goma zai bi ta nan. In maganaɗisu ya manne wa murfin da ƙarfi, yawanci ƙarfe ne da aka shafa wa ƙyalli, fitsari da wanki za su sa shi tsatsa. Ka ɗora murfin, ka danna maƙalan, ka girgiza, in yana rawa ka ɗauki wani. Gorar kuma ka roƙi mai shago ya bari ka cika ta da ruwa, ka kifa, ka ƙirga zuwa sittin kana kallon bakinta.