Hattara da mai tallan "sunduƙin Sham" a Instagram

Jama'a, musamman iyaye masu haɗa kayan ɗaki, akwai wani shafi da ke tallan sundukai da kabad masu adon ɓawon kawa, wai tsofaffi ne na Dimashƙa, babban birnin Sham (Siriya), tun "zamanin Daular Usmaniyya". Ba ya ma fayyace cewa ta Turkiyya yake nufi, wadda ta mulki Dimashƙa daga 1516 zuwa 1918. Yayata ta ɗauka kayan gidan sarautar Sakkwato ne, shi kuma ya bar ta a haka. Ta tura rabin kuɗi kafin alƙalami, ta cika sauran ranar da aka sauke kaya.

Sana'ar kanta gaskiya ce. Kafintocin Sham sun daɗe suna yi wa amare irin wannan sunduƙi da katakon itacen da Larabawa ke kira jauz. Sai a sassaƙa gurbi, a dasa ɓawon kawa guntu-guntu, a zagaye kowane da siririyar wayar kuza, wani wuri a haɗa da ƙashi. Aikin hannu ne, shi ya sa furannin ba sa zuwa daidai wa daida. Na Yaya kuwa kowane fure kamar an buga shi da hatimi.

Na kira wani dattijon kafinta na unguwarmu. Ko gaban bai tsaya kallo ba, ya ce a juya masa baya. "Hajiya, ai wannan MDF ne," in ji shi. Garin katako ne da aka matse da gam, kuma sai a shekarun 1960 aka fara yin sa. Ya zaro durowa ya nuna mana ƙusoshi masu murɗi da tsaga a gicciye, irin da ba su shigo kasuwa ba sai shekarun 1930. Kusurwar durowar ma babu haƙoran nan da ake yanka wa katako su cije juna, gam ne da ƙusa. Ramukan da aka ce cin ƙwaro ne duk a miƙe suke, girmansu ɗaya, alhali ƙwaro karkacewa yake yi a cikin itace. Daga ƙarshe ya gasa allura ya ɗora a kan adon. Ta nutse, warin roba ya tashi. Ɓawon gaske ba ya narkewa, yana da sanyi a hannu, launinsa na sauyawa in ka karkata shi.

Ni abin da ya fi ƙona min rai, da mai tallan ya ce sabo ne aikin kwaikwayo, da an saya a farashinsa ba rigima.

In za ku saya, ku nemi bidiyon baya da ƙasa da cikin durowa, ku je da kafintanku kafin ku fitar da ko sisi. Mun kira mai tallan ya toshe lambarmu. Yanzu shafin ya sake suna, amma hotunan su ne dai, har da jan kafet ɗin da yake jera kayan a kai.