Garma, injin shuka ba huɗa ko irin wake: wanne za ka fara saya don alkamar da ba a mata ban ruwa?

Gaskiya kafin ka zuba kuɗinka, fara tambayar kanka ruwan sama nawa gonarka ke samu, domin alkamar da ba a mata ban ruwa da danshin da ƙasa ta ɓoye take rayuwa.

Garma mai kifa ƙasa tana kashe ciyawa tas, kuma ta fi sauƙin samu, amma duk huɗar da ka yi kamar ka buɗe murfin tukunya ne, danshi ya tafi, ƙasa ta zama gari iska ta kwashe. Abin da ya faru a Amurka kenan a shekarun 1930, ƙura ta cinye gonakin alkama. Garma mai haƙori wadda ke tsaga ƙasa ta bar karan a sama ita ce tsaka-tsaki. Injin shuka ba huɗa kuwa ya fi kowa riƙe danshi saboda karan alkamar bara yana rufe ƙasa, sai dai yana da tsada, yana son tarakta mai ƙarfi, kuma dole ka sa kuɗin maganin ciyawa a lissafi. In za ka saya duba bakinsa, wato ƙarfen da ke tsaga ramin iri, mai faifai wani lokaci yana danna kara cikin rami maimakon ya yanke shi sai iri ya kwanta kan kara bai tsiro ba, mai haƙori ya fi kai iri inda laima take.

Waken da ake shukawa don ya rufe ƙasa kafin alkama ni ina son sa sosai amma a nan mutane ke tafka asara. Yana tara sinadarin naitirojin ya rage maka sayen taki, ka tuge guda ka fasa ƙullin saiwarsa, in cikinsa ja-ja ne to yana aiki. Amma shi ma ruwan yake sha fa! In ka bar shi har ya yi kwanso ya shanye rabon alkama, dole a kashe shi da ya fara fure. Ka sayi hodar ƙwayoyin rizobiyam, wato ƙwayoyin da ke taimaka wa saiwar wake tara naitirojin, wadda ta dace da irin, kowane dangi da tasa, kuma zafin rana na kashe ta.

In ruwanka bai kai milimita 300 a shekara ba, ni injin zan fara saya, waken kuma in gwada shi a kadada ɗaya tukuna, in tona rami in matse ƙasar a hannu don in ga ko da sauran danshi kafin ranar shuka alkama.