Faifan birkin keken tirayal: 160, 180 ko 203?

Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce ka sayi keken tirayal, wato irin wanda ake tsalle-tsalle da shi a kan duwatsu, na gwanjo mai taya inci 24, faifan birkinsa 160 gaba da baya, kuma duk sanda ka ɗaga gaba ka tsaya kan tayar baya a duwatsun Shere na Jos sai ka ji birkin yana sakin tayar kaɗan-kaɗan. Wani ya ce ka sa 180, wani ya ce ka sa 203 kawai ka huta.

Ni 180 zan ce maka, gaba da baya. Amma kada ka fitar da ko sisi sai ka kai ƙarshen wannan rubutu, don ina zargin rabin matsalarka ba ta girman faifai ba ce.

Lambobin nan faɗin faifan ne da milimita. Aikinsa irin na sifana ne: notin da ya gagari gajeriyar sifana, da ka kawo doguwa sai ya saki, alhali hannun naka bai ƙara ƙarfi ba. Haka kalifa take, wato muƙamuƙin nan da ke cizon faifan. Iya nisan inda take cizo daga tsakiyar taya, iya ƙarfin riƙonta. Daga 160 zuwa 180 riƙo yana ƙaruwa da kusan kashi 12 cikin 100. Daga 160 zuwa 203 kuwa kusan kashi 27 ne. Wannan lissafin ne ke ruɗin mutane su ce ai babba shi ne magana.

Abin da suke mantawa shi ne ita ma tayar sifana ce, sai dai ta abokin gaba. Dutse yana tura tayar daga bakinta, birki yana riƙe ta daga kusa da tsakiya. In tayar ta yi girma, dutsen ya samu doguwar sifana ke nan. Shi ya sa ba a auna faifai shi kaɗai, sai an ɗora shi kan tayar da zai riƙe. Tayar inci 20 da robarta tana kai wajen milimita 510, ta 24 wajen 620, ta 26 wajen 670. Raba faɗin faifan da na tayar ka gani. Faifan 160 a kan inci 20 yana ba da kusan 0.31. Shi dai wannan 160 ɗin a kan tayarka ta 24 ya sauko 0.26. In ka sa 180 ka hau 0.29, in 203 ne 0.33. Mai inci 26 kuwa sai ya sa 203 kafin ya kamo 0.30. Ka ga ke nan yaron da ke kan ƙaramin keke da 160 bai yi ƙarya ba da ya ce birkinsa kamar an sa kwaɗo, kai ma ba ka yi ƙarya ba da ka ce naka yana zamewa. Faifai ɗaya ne, taya ce ta bambanta ku.

Akwai kuma zancen zafi, wanda masu sayarwa ke yawan kawowa. Gaskiya ne babban faifai ya fi jure zafi, kuma wanda zai gangaro Hawan Kibo da keke yana matse birki tun daga sama har ƙasa yana buƙatar hakan. Kai kuwa a fili ɗaya za ka wuni, tsakanin duwatsu uku ko huɗu. Faifanka ba zai taɓa yin zafin da zai dame ka ba. Abin da kake nema shi ne in ka taɓa da yatsa ɗaya tayar ta kulle nan take, ta kuma zauna a kulle ko nauyinka ya koma baya. Cire zafi daga lissafinka.

To, 160 da 203 in an jera su. Na 160 gajere ne, a ɓoye yake kusa da hob, wato cibiyar tayar, bai cika lanƙwashewa ba, kuma shi ne za ka fi saurin samu wajen masu kayan keke in naka ya lalace. Laifinsa ɗaya ne, a kan inci 24 yana sa ka matse da ƙarfi. Bayan awa guda yatsanka da gaɓar hannunka sun gaji, kuma gajiyayyen hannu shi ke sakin birki a kan dutse. Na 203 akasin haka yake. Cizonsa ba wasa, ɗan taɓi kaɗan ya isa. Sai dai bakinsa ya fi na 160 kusa da ƙasa da kusan santimita 2. A kan kwalta wannan ba komai ba ne. A duwatsunmu na Jos, inda taya ke faɗawa tsaga tsakanin manyan duwatsu biyu, santimita 2 ɗin nan ita ce tsakanin ka wuce lafiya da ka ji ƙwar! Faifai a hagu yake, don haka duk tsallen gefe da ka yi zuwa hagu ka kasa kaiwa, shi ne zai fara gaisawa da dutsen. Kuma da yake yana da faɗi, ɗan karkata kaɗan daga tsakiya sai ta zama babba a baki, ka dawo gida yana ta gogar takalmin birki, kyas-kyas-kyas, duk zagaye ɗaya.

Wannan ma da sauƙi, ana miƙar da shi da sifana mai daidaitawa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne firam. Ƙarin ƙarfin nan na kashi 27 ba iska yake bi ba, a kan 'yan kunnuwan nan biyu da aka ɗaure kalifa yake sauka. Kuma mu masu tirayal muna yi wa wurin abin da sauran mahaya ba sa yi: in kana tsalle kan tayar baya, tayar takan so juyawa da baya, sai ƙarfin ya riƙa fizgar kalifar ta ɗaya gefen, gaba, baya, gaba, baya, sau ɗaruruwa a yini. Na taɓa sa 203 a bayan wani tsohon firam na alminiyom. Makonnin farko har alfahari nake yi. Wata rana ina wanke keken a tsakar gida sai na ga wani siririn layi kamar gashi a gefen walda, daidai ƙarƙashin kunnen sama. Na sa farce na ji ya kama. Ba datti ba ne, tsagewa ce. Alminiyom kuwa in ya tsage a nan, ko an yi masa walda ba ka ƙara sakin jiki da shi a kan dutse. Kowane firam da kowane fok, wato ƙafafun da ke riƙe tayar gaba, akwai iyakar faifan da masu ƙera shi suka yarda da ita, ni ban duba ba. Kai ka duba, musamman da yake naka gwanjo ne, ba ka san wahalar da ya sha a hannun mai shi na farko ba.

Na 180 ya kwashi rabin amfanin babban, bai kwaso rabin fitinarsa ba. Santimita 1 kacal ya fi 160 saukowa, riƙonsa a kan inci 24 ya kusa kai na ƙaramin keke, kuma da wuya ka ga firam ko fok na wannan aikin da ya ƙi shi. Zancen nauyi kuma bar shi, tsakanin ƙaramin da babban ma bambancin bai kai giram 100 ba. In kuɗinka na faifai ɗaya ne, fara da baya, tunda can ne kake kuka. A gaba 160 zai iya jiranka.

Da a ce inci 26 gare ka da zancen ya canza. Sifok ɗinsa, wato wayoyin tayar, dogaye ne, ko faifai ya kulle hob ɗin, rim yana ɗan motsi gaba da baya, sai ka ji kamar kana tsaye kan katifa. Shi ya sa da yawa daga masu gasa a kan 26 har yanzu birkin rim na mai suke sawa a baya, irin Magura HS33, su kuma kankare rim ɗin da giranda don ya yi kaushi. A 24 abin bai kai haka ba.

Yanzu abin da na ce kada ka sayi komai sai ka ji. Faifan 160 mai tsabta ya fi 203 da mai ya taɓa. Keken gwanjo kan iso da takalmin birkin da ya sha man sarƙa ko wanda ya yi santsi kamar gilashi, mu kuma nan ga ƙurar hunturu, ga masu wanke keke da kalanzir. Cire takalman ka duba a rana. In suna ƙyalli, goga su kan sanfefa a shimfiɗe har ƙyallin ya tafi. In sun yi baƙi suna maiƙo, zubar da su, mai in ya shiga ba ya fita. Goge faifan da sifirit na kemis da tsumma mai tsabta, kada yatsanka ya ƙara taɓa inda ake cizo. Sannan ka nemi 'yar gangara, ka ɗan yi gudu ka matse har ka kusa tsayawa ba tare da ka kulle tayar ba, ka maimaita kamar sau 20. In kuma hannun birkin yana lotsawa kamar soso, iska ce a cikin tiyo, babu girman faifan da zai gyara wannan. Wajen zuba mai a kula: Shimano da Magura man minaral suke sha, Hope kuwa man birki na DOT, in aka haɗa robobin ciki sun tafi.

In ka yi duk wannan har yanzu yana zamewa, to sai sayayya. Ƙirga notin da ke riƙe faifanka, in 6 ne ka nemi mai rami 6, in zobe ɗaya ne a tsakiya to Center Lock ne. Kana buƙatar adafta mai ƙarin milimita 20, wato ƙarfen da ke matsar da kalifa ta dace da babban faifai, kuma in kunnuwan firam ɗinka irin na IS ne, waɗanda notinsu ke shiga ta gefe, adaftar gaba daban ta baya daban, kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne. Kauri ma ka duba: faifan Shimano 1.8 yake zuwa, ana canza shi in ya kai 1.5, na Magura kuwa 2.0 ne. Ɗauki hoton kunnuwan bayan da na fok ɗin, da sunan da ke jikin kalifar, ka turo min kafin Asabar in faɗa maka adaftar da za ta shiga.